Takarda Mai Gida Tara

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya san abin da ke cikin kowace takarda tun ba a warware ta ba. Wannan babin a kan sunan da ake kirana da shi ne a unguwa, Abu Waraga, wato mai takarda. Na san ba ku son sunan. Ina ganin yadda fuskar Salihu take canzawa idan mai gidan burodi ya kira ni da shi, kuma labari ya zo mini cewa Maryam ta taɓa yi wa wata mata tatas a gidan biki a kansa. Amma a cikinku babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce, Baba, me ya faru? Ban sani ba ko kunya ce ta hana ku, ko tsoron amsar da zan bayar. Kowannenku a bakin wani ya ji labarin. To, yau ga shi daga bakina, kuma ba zan rage inda na yi kuskure ba.

Kafin ku san ni a matsayin tela a Bab Makka, a nan Jidda, ni gola ne. A filin yashi na bayan unguwarmu muke wasa, duwatsu biyu ne ragar, kuma na yi shekaru ana ɗauko ni daga wata unguwa zuwa wata don in tsare gida. Amma a zamaninmu wanda aka haifa a nan ba shi da takardar ɗan ƙasa, iyakarsa filin yashi. Ko ka fi kowa iyawa, babu kulob ɗin da zai rubuta sunanka. Na haƙura na kama almakashi. Lokacin da aka sassauta, aka ce waɗanda aka haifa a ƙasar za su iya shiga, ni na riga na haura sittin, gwiwa ta daina ɗaukata. Sai Allah ya sa rabon ya faɗa wa Haruna, ɗan ƙanwata Zainaba, wanda ni na fara jefa masa ƙwallo a tsakar gida. Wani ƙaramin kulob na garin nan ya ɗauke shi gola. Ba zan rubuta sunan kulob ɗin ba. Kun san shi, kuma har gobe ina son sa.

A shekarar da nake ba ku labari, kulob ɗin ya shiga wani hali. A yi wasa a gida a ci mu, a je waje a ci mu, har aka fara maganar za mu gangara rukunin ƙasa. Mu kuwa magoya bayansa na unguwa a mirkaz ɗin Bakur muke taruwa, waɗannan dogayen gadajen zama da yake jerawa a ƙofar gidansa tsakanin la'asar da magariba. Bakur abokina ne tun na yarinta, ya yi shekara arba'in yana tuƙa tasi a unguwar Balad, kuma a ganinsa babu abin da ke damun duniya da canza mudarrib ba zai gyara ba, wato mai horar da 'yan wasa. Abokin musunsa Ɗanjuma ne, wani Bakano mai sayar da turare, wanda ya zo umara ya ga wuri ya zauna. Idan su biyun suka fara, shayi har ya huce ba a sani ba.

"Wannan mudarrib ɗin," in ji Bakur, "wallahi ko tasi ba zan ba shi ya tuƙa ba. Yaro ɗaya gare shi mai gudu, ɗaya tak, ya ajiye shi a benci yana shan ruwa!"

"Haba Ammi," in ji Ɗanjuma, don haka yake kiransa, wato baffa, "ka bar koci ya huta. 'Yan bayan nan ne matsalar, suna gudu kamar an ɗora musu buhun shinkafa. Lamba biyar ɗin nan, mu a Kano ko wasan layi ba za mu sa shi ba."

"Kai da ka zo umara ka manta hanyar gida, kai ne za ka koya mana ƙwallo?"

"Na ji na manta hanyar gida. Su kuma hanyar raga suka manta. Lamba tara ɗinku ma ya fi ni iya ɓuya, Ammi. Ni 'yan sanda nake ɓuyar wa, shi kuwa ƙwallo."

Haka ake yi kullum, a bi su ɗaya bayan ɗaya a feɗe, daga mudarrib har mai ɗaukar ruwa. Idan aka zo kan gola sai murya ta sauka, saboda ina wurin. Wata rana dai Bakur ya kasa riƙewa. Ya ajiye kofinsa ya dube ni.

"Ya Abu Salih, kada ka ji haushi. Ɗanka yana da hannu, wallahi yana da shi. Amma idan aka ba da fenariti, kullum dama yake faɗawa. Hagu haramun ce a gidanku?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma maganar ta bi ni har gida, domin gaskiya ce. 'Yan bayanmu ba su iya ƙwace ƙwallo sai da ƙafar mutum, don haka kusan kowane mako sai an ba da fenariti a kanmu, kuma duk garin ya gane inda Haruna yake faɗawa. Sai na sa ƙaninku Usama ya koya mini yadda ake nemo tsofaffin wasanni a waya. A shago, tsakanin wannan ɗinki da wancan, nakan zauna in kalli masu bugun kulob ɗin da za mu haɗu da shi. Ba ƙwallon nake kallo ba, mutumin nake kallo: inda yake dasa ƙafar hagu, ko yana duban alƙalin wasa, ko yana gyara ƙwallo sau biyu. Kowane mutum yana da ɗabi'ar da yake komawa gare ta idan tsoro ya kama shi. Sai in ɗauki takarda in zana raga, in raba ta gida tara, uku sama, uku tsakiya, uku ƙasa. A kowane gida in rubuta sunan wanda ya saba bugawa nan, da alamarsa. Da Hausa nake rubutawa, da haruffan Larabci, kamar yadda nake rubuta awon masu ɗinki, kamar yadda mahaifinmu yake rubuta komai nasa. Ban taɓa rubuta tunanina da wani rubutu ba. Haruna kuwa, ko da yake Hausar bakinsa tana ɗingishi, a hannuna ya koyi karatu, yana gane rubutuna sarai.

Ranar Juma'a bayan an ci abinci na miƙa masa ta farko. Ya warware ya duba, ya yi dariya.

"Ya khali," ya ce, wato kawu, "mudarrib fa yana da kwamfuta."

"Kwamfutar ta hana ka faɗawa dama?"

"La, ba ta hana ba."

"To ninke ka sa a aljihu."

Ya ninke ta ƙanana, ya ce zai sa ta cikin tawul ɗin da yake ajiyewa a gindin raga. Ranar wasan ina filin, da yamma ne, rana ta fara sanyi. Muna gaba da ci ɗaya, abin da muka daɗe ba mu gani ba, sai lamba biyar ya yi halinsa, ya kwashe ƙafar mutum a cikin da'ira. Aka busa fenariti. Na ga Haruna ya taka zuwa gindin raga, ya tsuguna, ya zaro takardar, leɓɓansa suna motsi yana karantawa, ya mayar da ita. Ya tsaya. Aka buga, ya faɗa hagu ƙasa, ƙwallo ta zauna a ƙirjinsa. Na tashi tsaye ina kabbara, na manta da gwiwa, Bakur ya rungume ni har hulata ta faɗi. Ban lura da abin da ke faruwa a fili ba sai da Ɗanjuma ya ja rigata. Wani ɗan wasan ɗaya ɓangaren ya ruga ya fizge tawul ɗin, ya kakkaɓe, takardar ta faɗo. Ya ɗaga ta sama yana ihu yana nuna wa alƙali. Kafin mu idar da sallar magariba hotonta ya shiga kowace waya a Jidda, da kalma ɗaya a ƙarƙashinsa: danbushi.

Ku da kuka girma a nan kun san kalmar. Ita ce sunan da masu kallon ƙwallo suke ba asirin da ake cewa ana binnewa a raga ko a ɗaure ƙafar ɗan wasa da shi. Kuma kun san duk lokacin da aka ambace ta, kanmu idanu suke juyowa, mu jikokin alhazai baƙaƙen fata. Da Usama ya nuna mini hoton, a karo na farko na ga takardar da idon wani. Gida tara a jere. Sunayen mutane a ciki. Haruffan da Balarabe zai iya furtawa amma ba zai fahimci ko kalma ɗaya ba. Ga ta a ninke ƙanana, ga yaro ya tsuguna yana motsa baki a kanta. Ko ni aka nuna wa ban san mafarinta ba, hatimi zan ce. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma na yarda da shi. Shekara sittin ina rubutu haka, bai taɓa zuwa mini a rai ba cewa raga idan aka raba ta uku sau uku kamannin laya take yi.

Washegari na je mirkaz da niyyar mu yi dariyar abin tare. Ina isa Bakur ya tashi, abin da bai taɓa yi mini ba, ya zaunar da ni a wurinsa, ya zuba mini shayi da hannunsa. Ya matso ya rage murya.

"Ya shehi, ashe kana da wannan, ka bar mu muna shan kashi tun farkon shekara?"

"Ina da me?"

"Halas, shi ke nan, mun gane, ba a faɗa. Amma ka yi wa lamba tara guda ɗaya, ko Allah zai sa ya ga raga. Idan kuma akwai wadda za ta ɗauke mana mudarrib ɗin nan..."

"Bakur, ka ji tsoron Allah. Inda suke buga ƙwallo na rubuta. Ga hoton, kawo in karanta maka."

"Na'am, na'am. Inda suke bugawa." Ya kashe wa sauran ido. "Haka ne, ya Abu Waraga."

A bakinsa sunan ya fara fita. Zagin da baƙi suke yi a waya bai yi mini ciwo kamar wannan girmamawar ba. Mutumin da muka yi sahu ɗaya da shi tun ba mu da gemu, ya yarda cewa ina haɗa Allah da wani, kuma murna yake yi. Da aka kira magariba muka shiga masallacin unguwa, liman bai zo ba. Shekaru da yawa idan bai zo ba ni nake wucewa gaba. Na ɗaga ƙafa ke nan, sai na ji an riƙe hannun rigata a hankali. Ban waiwaya na ga ko wane ne ba, har yau ban sani ba, kuma ba na son in sani. Wani ya wuce ya ja sallar.

Bayan kwana biyu aka kira ni ofishin kulob, ni da Haruna. Mudir ɗin, wato shugaban kulob, mutum ne mai ladabi, ba zan zalunce shi ba. Ya ba mu gahawa da dabino, ya kira ni ammi. Sannan ya turo mini wata takarda da aka buga. Abin da ke cikinta shi ne, ni dattijo ne, na ba ɗan ƙanwata laya bisa tsohuwar al'adar ƙasarmu ba tare da sanin haramcinta ba, shi bai san abin da ke ciki ba, na tuba, ba zan sake ba. Idan na sa hannu, za a wallafa, Haruna ya koma raga ranar Asabar. Idan ban sa ba, za a dakatar da shi har ƙura ta lafa, kuma wasannin da suka rage ba su da yawa.

"Wace ce ƙasarmu?" na tambaye shi. "A Jidda aka yanke mini cibiya."

"Salon rubutu ne kawai, ya ammi."

"To a kawo takardar tawa in karanta muku kalma kalma. A nemo wani ma ya karanta, ba ni ba."

"Ni ban ce ƙarya kake yi ba. Amma duk wanda zai iya karanta ta naku ne, wa zai yarda da shi? Jama'a ba fassara suke jira ba, ya ammi. So suke wani ya ce ya tuba, su wuce."

Na ce a ba ni zuwa gobe. Muna isa gida muka tarar da Zainaba ta riga mu, tana zaune ko abayarta ba ta cire ba, mahaifiyarku tana gefe tana tsince shinkafa.

"Yaya, hannu ne fa kawai za ka sa," in ji Zainaba. "Allah ya san zuciyarka. Mu ma mun sani."

"Idan kun sani, me ya sa zan rubuta akasinsa?"

"Saboda yaron nan! Kai ka sa masa son abin nan, kai ka ba shi takardar, yanzu kuma kai za ka tsaya a kan girmanka ya rasa komai? Mu da muke zaune da iƙama, takardar zaman baƙi, yaushe muka fara zaɓen abin da za mu sa wa hannu? Takarda nawa kafili, ubangidan da zamanka yake hannunsa, ya miƙo maka ka sa hannu ba ka karanta ba?"

"Babu wadda ta ce na yi shirka a cikinsu."

Mahaifiyarku ba ta ɗago kai daga tiren ba. Kun san ta, ba ta shiga maganar dangi sai ta ga dole. Ta ce, "Malam, idan ka sa hannu, 'ya'yanka sun zama 'ya'yan boka da shaidar ubansu. Idan ba ka sa ba, Zainaba ba za ta ƙara taka gidan nan ba. Babu mai sauƙi a ciki. Ka ɗauki wanda za ka iya ɗauka, kada ka zo kana yi mana kuka daga baya."

Sai Haruna ya yi magana, kuma da Hausa ya yi, shi da ba ya son yin ta a gaban mutane don kada a yi masa dariya.

"Kawu, shekarata ashirin da shida. Idan na fita, ba a buɗe mini ƙofa kuma. Kai ka sani. Kai ma an rufe maka."

Ina so ku san cewa ya roƙe ni. Masu ba da labarin nan don su kyautata mini suna cewa wai Haruna ne ya ce kada in sa hannu. Ba haka aka yi ba. Ya roƙe ni da bakinsa, idonsa ya ciko, kuma na san abin da yake faɗa gaskiya ne fiye da kowa a ɗakin. Na yi istihara, na yi ta juya maganar. Na ce wa kaina, ai kalmomi ne. Sai na tuna tuba ba kalma ce da ake ba mutane don su yi shiru ba, tsakanin bawa ne da Ubangijinsa, kuma ina da zunubai na gaske da nake nema mata. Na tuna mahaifinmu, wanda ya tako daga ƙasar Hausa har nan da ƙafarsa, da 'yan takardunsa a cikin gafaka. Idan na sa hannu, na shaida ke nan cewa rubutunsa abin tuba ne, kuma duk wani tsoho a unguwar nan da aka gani da irinsa, da sa hannuna za a kama shi. Da safe na koma ofishin ni kaɗai, na ajiye wa mudir takardarsa.

"Ba zan tuba daga abin da ban yi ba. Idan kuna so in rubuta cewa na yi wauta da na zana raga gida tara, kawo biro yanzu."

"Ka san abin da wannan yake nufi ga Harun?"

"Na sani. Ku ne za ku dakatar da shi, ba ni ba. Amma na sani."

Aka dakatar da shi a ranar. Aka sa wani yaro a raga wanda Ɗanjuma ya ce hannunsa kamar an shafa masa sabulu.

Kuskurena na biyu shi ne da na ɗauka hujja tana warkar da zato. Wasan ƙarshe ya zo, wanda idan aka ci mu mun gangara. Ana saura kwana biyu na ɗauki waya da farar takarda na tafi mirkaz. A gabansu na zana ragar, a gabansu na raba ta, kuma wannan karon da Larabci na rubuta, wanda kowa zai karanta. Na nuna musu lamba goma na ɗaya kulob ɗin, bugu bayan bugu. Na ce ku duba, idan ya gyara ƙwallo sau biyu ya dubi alƙali, hagu ƙasa zai buga, domin can yake gudu idan ya tsorata. Babu aljani a nan, ido ne da haƙuri. Suka gyaɗa kai. Na ba Bakur takardar na ce ya kai wa mudarrib, tunda yana da wanda ya sani a can. Daga baya na ji mudarrib ɗin ko taɓa ta bai yarda ya yi ba, ta dawo aljihun Bakur.

A talabijin ɗin mirkaz muka kalli wasan, bayan la'asar. Ana kunnen doki har kusan tashi, kuma kunnen doki ya ishe mu. Sai lamba biyar, Allah ya shirye shi, ya sa hannu ya tare ƙwallo. Aka busa fenariti, lamba gomansu ya zo ya ajiye ta. Ya gyara. Ya sake gyarawa. Ya ɗaga kai ya dubi alƙali. Na ji bakina yana cewa hagu, hagu, ya waladi, yarona, hagu. Yaron da ke ragarmu ya faɗa dama. Ƙwallo ta shige hagu ƙasa, a hankali ma, kamar mai shiga gidansu.

Aka busa tashi. Bakur ya sa hannu a aljihu ya zaro takardar, ya duba, ya sake ta ta faɗi ƙasa kamar ta ƙone shi.

"A'uzu billahi. Ya faɗa tun ba ta faru ba."

"Haba Ammi!" in ji Ɗanjuma. "A gabanka fa ya nuna mana a waya. Ni ma na gani, kai ma ka gani!"

"Kai yi mana shiru. An cire ɗansa, ya ɗaure mu. Tun ranar da aka dakatar da Harun mun ƙara cin wasa? Ku faɗa mini!"

"Kafin a dakatar da shi fa, guda nawa muka ci?"

Ba wanda ya saurari Ɗanjuma. Na ga mutane suna janye ƙafafunsu daga kusa da takardar. Na sunkuya da gwiwar nan tawa na ɗauke ta, na kakkaɓe, na miƙe. Ban ɗaga murya ba, amma na faɗi abin da ke raina.

"Shekara talatin muna zaune a kan gadajen nan. Kun kori mudarrib ya fi goma da bakinku, kun sayar da 'yan wasa, kun sayo wasu. A cikinku babu wanda ya taɓa zama ya kalli ƙafar mai bugu sau ɗaya. Ni na kalla, sai kuka ce aljani ne ya gaya mini. Ya fi muku sauƙi ku ce ni boka ne da ku ce na fi ku lura. To ku riƙe mirkaz ɗinku. Rubutu kuwa, wallahi ba zan daina ba."

Ban sake zama a wurin ba. Bakur ya rasu bara waccan, na yi masa salla, na ɗauki makararsa, kuma na yafe masa, ko da yake bai nema ba.

Kada ku ɗauka na fita a matsayin wanda ya yi nasara. Kulob ya gangara, ba a sabunta wa Haruna ba, kuma babu wani kulob da ya neme shi, domin hoton yana nan a waya, ba ya tsufa. Ya koma tuƙa motar wani gida a unguwar Abhur, yana kai yara makaranta yana ɗauko su. Zainaba ta yi fiye da shekara ba ta shigo gidan nan ba, har da salla biyu, kun tuna yadda mahaifiyarku take zuba mata abinci a kai a dawo da shi. Ban sake wucewa gaba a masallaci ba, ko da aka fara yi mini tayi daga baya. Akwai ranakun da nake zaune a kan keken ɗinki in ce, da na sa hannun nan da yanzu yaron yana raga. Ban taɓa cewa da na sani ba, amma ban taɓa cewa abin kyauta ne ba. Da rayuwar wani na biya, ba da tawa kaɗai ba, kuma wannan zan tsaya da shi a gaban Allah.

Wata rana da hantsi, an daɗe, ina shago sai ga Haruna da yadi a hannu. Ya yi sallama, ya ce riga yake so. Na ɗauko tef na fara awo. Da na zo kafaɗa sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ƙaramin littafi. Ashe ranakun hutunsa yana horar da masu tsaron gida na ƙungiyar unguwarsu, a filin yashi. Ya buɗe ya ajiye a kan teburin yanka. Raga ce, gida tara, da Hausa, da rubutun da na koya masa, hannun nan nasa mai karkata.

"Duba mini, ya khali. Wannan na tsakiyar ban gane shi ba, kullum canzawa yake."

"Ba ka jin tsoro a gani?"

"An riga an gani."

Na sa tabarau ina dubawa. Sai ya ce, yana kallon titi, "Har yanzu ina jin haushinka, Kawu."

"Na sani."

"Amma da ka sa hannu, da ban iya buɗe wannan a gaban kowa ba."

Na ce masa ya ɗaga hannu in auna, ya ɗaga.

Takarda ta farko ba a dawo mini da ita ba. Ta biyun, wadda na ɗauka a ƙasan mirkaz, tana cikin wannan littafin, a shafin ƙarshe, har da shatin takalmin wani a gefenta. Duk wanda ya ce muku ubanku ya yi danbushi, kada ku yi faɗa da shi, Maryam, ke nake nufi. Ku buɗe ku ba shi ya karanta. Idan ya karanta bai yarda ba, ku rufe ku ba shi shayi, ba ku ne za ku shiryar da shi ba. Sunan kuwa ku daina sunkuyar da kai idan kun ji shi. Ni idan mai burodi ya ce ya Abu Waraga, daga tsallaken titi nake amsawa, da ƙarfi, yadda na bayan layi ma zai ji. Godiya ta tabbata ga Allah da ya koyar da mutum da alƙalami, kuma bai tambaye shi da wane harshe zai rubuta ba.